Harɗaɗɗiyar Jimla a Turanci: Ku Gwada Da Yatsa

'Yan uwa masu shirin WAEC da NECO, ga wata dabara kan harɗaɗɗiyar jimla, wadda malaman Turanci ke kira compound sentence. Jimloli biyu ne masu cin gashin kansu, kowace da aikau (subject) da aikatau (verb) nata, aka ɗaure su da mahaɗi. Mahaɗan guda 7 ne: for, and, nor, but, or, yet, so.

In kun rubuta, ku ɗora yatsa a kan mahaɗin ku karanta kowane ɓangare shi kaɗai. "Musa went to the market, but the shops were closed." Gaba ya tsaya da ƙafarsa, baya ma haka, don haka waƙafi ya zo kafin but. Amma "Musa went to the market and bought rice" fa? Ɓangare na biyu ba shi da aikau, sassauƙar jimla ce, ba ta buƙatar waƙafi.

Wani wuri da ake zubar da maki shi ne haɗa jimloli biyu da waƙafi zalla: "It rained, we stayed at home." Kuskure ne, ko da ya yi daɗin ji a kunne. Ku sa kalmar "so" bayan waƙafin, ko ku raba su da aya.

However kuma mayaudariya ce, ba ta cikin bakwai ɗin nan. Waƙafi mai ruwa (;) ake sa wa kafin ta, waƙafi bayanta. A ganina, wanda hannunsa bai faɗa ba ya sa aya kawai, ya fara sabuwar jimla da However.