Shawara ga mai son cin abincin Meksiko a sabon wurin unguwa

Jama'a, assalamu alaikum. Ga 'yan uwanmu mazauna Amurka, inda wuraren sayar da abincin titi na Meksiko suke yawan buɗewa a unguwanni, ga 'yar shawara kafin mutum ya zauna ya nemi abinci.

A fara da tambayar nama. Taco nama ne ko wani haɗi da ake naɗewa a cikin tortilla, wato siririyar gurasar masara ko alkama. Naman taco al pastor, wanda ake yankowa daga naman da ke juyawa a tsaye kamar na shawarma, naman alade ne, ko da yake salon gashin ya samo asali daga 'yan Lebanon da suka yi ƙaura zuwa Meksiko. Carnitas ma alade ne, haka chorizo, wato tsiran-nama (sausage), a mafi yawan lokuta. Carne asada gasasshen naman shanu ne, amma sai a tambaya ko yankan halal ne, kuma ko a kan ƙarfe ɗaya ake gasa shi da aladen.

Inda aka fi shammatar mutane shi ne wake, domin sau da yawa da kitsen alade, wato manteca, ake soya shi, har ma da tortilla ta alkama a wasu wurare. Ta masara ta fi kwanciyar hankali. Kifin da aka tsoma a ƙullu kuwa, wani lokaci da giya ake kwaɓa ƙullun.

Idan wurin yana sayar da barasa, a guji margarita, wadda haɗin barasa ce, a nemi agua de jamaica, wanda zoɓo ne zalla mai sanyi. Miyar barkonon habanero kuma a ɗiga kaɗan tukuna, domin zafinta bai gaza na attarugu ba.