Shuka tumatir a gida: kurakuran da muke ta tafkawa a Jos da yadda ake gyara su

Abin da ya sa na fara shuka tumatir a bayan ɗaki ba wani son noma ba ne, haushi ne kawai. Gab da Babbar Sallar 2024, lokacin da tumatir ya zama gwal har mata suna markaɗa karas a miya don ta yi ja, maigida ya ce mu fita cin abinci waje mu huta da girki. Muka je wani gidan abinci wajen Rayfield, wuri tsaf ga fitilu ga kujeru masu laushi, aka kawo shinkafa da miya, cokali ɗaya na kai baki na san tumatirin leda ne zalla aka tsinka da ruwa aka watsa mai a sama. Kuɗin da muka biya kuwa kada ma a yi maganarsa. A mota na ce masa wallahi ni dai sai na shuka nawa, ya yi dariya ya ce to Hajiya manomiya Allah ya ba da sa'a.

Zagayen farko da na biyu duk asara na yi. Sai da na fara tsayawa wajen wani dattijo mai lambu da nake sayen kaya gunsa a Farin Gada ina damunsa da tambaya sannan abu ya fara kama hanya. Kuma na lura kurakuran nan kusan iri ɗaya ne kowa ke yi, ni da maƙwabta da ƙawaye duka.

Na farkon su iri ne. Ka sayo tumatir mai kyau a kasuwa, jajir, ƙato, ka matse 'ya'yan a kan takarda ka shanya ka ce ai ka samu iri a banza. Wani lokacin a dace, amma da yawa daga cikin manyan tumatir ɗin da ake kawowa yanzu irin aure ne, wato iri biyu aka haɗa aka fitar da shi, wanda za ka ga an rubuta F1 a jikin ledarsa, shi kuwa ɗansa ba lallai ya yi kama da shi ba, sai ka ga wani gindin ya yi 'ya'ya ƙanana wani ya yi ganye kawai wani cuta ta kwashe shi tun yana ƙarami. In kana son irin da za ka riƙa ajiyewa kana maimaitawa, nemi UC82B ko Roma VF a shagon kayan noma, su ba na aure ba ne, kuma ba sa tsawo sosai don haka sun dace da bokiti. In kuma na auren kake so, akwai irin su Cobra F1 da Platinum F1, sun fi tsada amma sun fi jure wahala, sai dai duk zagaye sai ka sayi sabo. A duba ranar lalacewa a jikin leda don Allah, kuma irin da aka baza a rana a kan tebur wata da watanni a bar musu kayansu.

Sai zancen lokaci, kuma a nan ne mu 'yan Jos muka fi faɗawa rami. Muna ganin ruwa ya sauka a Afirilu ko Mayu, gari ya yi kore, sai kowa ya ce yanzu ne lokacin shuka tunda ba sai na sha wahalar ban ruwa ba. Ni ma haka na yi, na dasa a Yuni. Zuwa Agusta, lokacin da ake wuni ana yayyafi ga hazo ga sanyi, cikin kwana huɗu ganyen suka yi baƙi-baƙi kamar an watsa musu tafasasshen ruwa, ƙasan ganyen da wani farin abu kamar auduga in ka duba da sassafe, 'ya'yan ma suka yi tabo mai ruwan ƙasa mai tauri. Na kai wa dattijon nan ganye ɗaya a leda, ko karɓa bai yi ba ya ce 'yata ai wannan ciwon dankali ne. Kuma gaskiyarsa, cutar da ke ƙone gonakin dankalin turawa a Bokkos da Mangu, wadda manoma ke ce wa bilait, ita ce dai ke cin tumatir, 'yan gida ɗaya ne dankalin da tumatir, kuma ba abin da take so kamar sanyi da laima, wato Jos a watan Yuli da Agusta.

Shi ya sa masu lambun da ke bakin tsofaffin kududdufan kuza suka fi ƙarfi da rani. A gida ma haka ya fi, a yi renon iri wajen ƙarshen Satumba ko Oktoba lokacin da ruwa ke janyewa, a dasa bayan sati uku zuwa huɗu. Wanda ya nace sai da damina, to ya sa bokitansa ƙarƙashin baranda ko ya yi musu rumfar farar leda yadda rana za ta shiga ruwa ba zai taɓa ganye ba, ya kuma fara feshin rigakafi irin su mancozeb tun kafin ya ga tabo, don in ta kama magani ba ya dawo da ganyen da ya mutu. Rumfar tana kuma tare ƙanƙara, wanda duk ya zauna a Jos ya san yadda take yi wa ganye fata-fata a farkon damina.

Hunturu ma yana da nasa. Garin nan tudu ne, kusan mita 1,200 sama da teku, a Disamba da Janairu dare yakan yi sanyin da fure ke kasa ɗaukar ɗa, don tumatir ba ya son dare ya sauka ƙasa da digiri 13 ko makamancin haka. Sai ka ga fure rawaya ya bushe ya faɗi ka ɗauka cuta ce ka ruga sayen magani. Ba cuta ba ce. Jingina bokitan kusa da bangon da ke shan rana, bangon yana riƙe ɗumi har dare kuma yana tare iska. Da hantsi kuma ka ɗan girgiza sandar da ka ɗaure shi, furen tumatir shi ke yi wa kansa barbara, motsi kawai yake buƙata. 'Yan Abuja ku naku akasin haka ne, zafin Fabrairu da Maris ne ke zubar muku da fure.

Wuri kuma, mutane na son ɓoye shi a lungu ƙarƙashin mangwaro saboda awaki ko yara. Zai yi tsawo siriri kamar mai ciwon yunwa ba ɗa ko ɗaya. Awa shida zuwa takwas na rana yake so. Bokiti kuma ya zama babba, irin na fenti mai lita 20, ko buhun shinkafa a naɗe bakinsa, gindi ɗaya tak a ciki. Na san yana da wuya mutum ya cire tsiro biyar ya bar ɗaya, ni har tausayinsu nake ji, amma biyar a bokiti ɗaya ba wanda zai yi albarka. A huda gindin bokitin da ƙusa mai zafi, huji da yawa. Wajen dasawa a yi da yamma, a cire ganyen ƙasa a binne karan sosai, don karan tumatir duk inda ya taɓa ƙasa saiwa yake fitarwa.

To yanzu ga babbar magana, ruwa. In da za a tara tumatir ɗin da aka kashe a gidajen Jos a tambaye su, rabi za su ce ruwa ne ya yi ajalinsu. Akwai mai bulbula masa safe da rana da dare saboda so, saiwa ta ruɓe ganye ya yi rawaya ya langaɓe, shi kuma ya ga ya langaɓe ya ƙara ruwa. Akwai kuma irina, in famfo ya kawo a cika shi taf, in aka ɗauke kwana uku a manta da shi sai mai ruwa ya zo. Wannan yunwa da ƙoshi ita ke kawo baƙin tabon nan a gindin ɗan tumatir, can ƙasa inda fure ya faɗi, ya lotsa ya yi kamar fata. Na yi ta zuba dakakken ɓawon ƙwai saboda na ji an ce rashin kalsiyam ne. E rashin kalsiyam ne a jikin ɗan, amma yawanci akwai shi a ƙasar, ruwa ne ke ɗaukarsa ya kai sama, in ruwan yau akwai gobe babu to ba ya isa. Ɓawon ƙwai kuma sai ya yi watanni bai narke ba. Fashewar da tumatir ke yi ta wajen hanci ita ma daga nan take, ya sha ƙishi sai a ɗura masa ruwa lokaci ɗaya, ciki ya kumbura fata ta tsage.

Gyaran ba wuya. Tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, in da danshi bar shi, in a bushe ba shi har ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa. Da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa don iskar hunturu kada ta shanye. Ni yanzu jarka biyu na ware masa, ko girki ba a taɓa su. Kuma ruwan wanki mai omo da bilic a kai shi kwata.

Taki ma ana zarce gona da iri. Jos ga gidajen kaji ko'ina, kashin kaji ba ya wuya, sai mutum ya kwaso ɗanye yana tururi ya zuba a gindin tsiro, washegari ya tarar ya ƙone. A bar shi ya ruɓe tukuna, ya huce warin ya tafi ya koma kamar baƙar ƙasa, sannan a cakuɗa da ƙasa kafin dashe. Yuriya kuma ita ce mai yaudara, za ta ba ka ganye kore shar har maƙwabta su riƙa leƙowa suna masha Allah, amma fure sai ka nema. NPK 15:15:15 ɗan cokali ɗaya sati biyu bayan dashe, nesa da kara kaɗan a rufe da ƙasa, a sake in ya fara fure, ya isa.

Sanda a kafa ta tun ranar dashe, in ka bari ya girma za ka soke saiwa. A ɗaure da tsumman atamfa sako-sako, ba da waya ba. Sannan masu kallon bidiyon Turawa suna fige duk wani toho da ya fito tsakanin kara da reshe, ku tsaya ku san irin da kuka shuka, wancan na tumatir mai hawa ne wanda ba ya daina tsawo. Roma da UC82B gajeru ne, in ka fige musu toho 'ya'yanka ka zubar. Ganyen ƙasa da ke taɓa ƙasa kawai za a cire.

Tunda na ambaci bidiyo, akwai wata dabara da suke yawan nunawa ta zuba giya a gwangwani a binne a lambu don kama dodon koɗi. Tana aiki, ƙamshin yis ɗin ne ke jawo su su faɗa. Ba sai ka je neman abin da ba ka sha ba, yis ɗin fanke da ɗan suga a ruwan ɗumi shi ma haka yake yi.

Ƙwari kuwa babban su ita ce tsutsar nan Tuta absoluta, wadda aka yi wa laƙabi da ebolar tumatir a 2016 lokacin da ta share gonaki har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa a Kano ya tsaya saboda rashin kaya. Har yanzu tana nan. Alamarta wani farin fili a jikin ganye kamar an kankare cikinsa an bar fatar, ɗaga shi a rana za ka hango 'yar tsutsar da baƙin kashinta a ciki. Tunda a cikin ganyen take, feshi sama-sama ba ya cika samunta. Amfanin mai bokiti goma shi ne zai iya bi ɗaya bayan ɗaya, kullum da safe ka tsinke ganyen da ta shiga ka murtsuke ko ka ƙona, kada ka yar a gindin. Farin ƙuda kuma, waɗannan ƙananan da ke tashi fuu in ka taɓa ganye, su ke kawo cutar da ke nannaɗe ganye ya ƙanƙance, wanda ya kamu ba ya warkewa sai dai a tuge. Ruwan dakakken 'ya'yan dogon yaro da aka jiƙa ya kwana, a tace a sa ɗan sabulu kaɗan a fesa ƙasan ganye da yamma, yana rage su sosai in ana maimaitawa duk sati.

Abin da ba zan gaji da faɗa ba, kada a fesa fiya-fiya ko maganin sauro a kan abin da yara za su tsinka su kai baki. Na ga maƙwabciyata ta yi, na ce Maman 'yan biyu wannan fa guba ce, ta ce ai za a wanke. Ko maganin gona na gaskiya akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba da za a jira kafin a tsinka, a karanta, in ba a iya ba a ba yaro ɗan makaranta ya karanta.

In kuma ka ga gindi lafiyayye kore ya langaɓe gaba ɗaya rana ɗaya alhali ƙasa da danshi, yanko guntun karan daga ƙasa ka rataya shi cikin kofin gilas mai ruwa, in wani farin abu kamar zare ya fara sauka daga yankan to ciwon cikin ƙasa ne, ba shi da magani. Tuge shi, zubar da ƙasar nesa, wanke bokitin da bilic. Kuma ƙasar da aka yi tumatir ko attaruhu ko tattasai ko gauta ko dankalin turawa a ciki kada a sake sa tumatir a kai a kai, a sa alayyafo ko albasa ko wake a tsakani.

Tsinka ma ana kuskure, ana jira ya yi ja zur a jikin uwa sai tsuntsu ko ƙadangare ya riga ka. Da ya fara sauya launi a gindi tsinke shi ka ajiye a faranti a inuwa cikin ɗaki zai ƙarasa da kansa. Firji kuma yana kashe masa ƙamshi, sai in ya nuna sosai kana tsoron ya ruɓe, shi ma gara a markaɗa a tafasa a sa a firiza. Bokiti goma sha biyu gare ni yanzu, ba za su hana ni zuwa Farin Gada in biki ya taso ba, amma na miyar yau da gobe da na kwaɗon zogale daga bayan ɗaki yake fitowa, maigida da ya yi min dariya shi ne yanzu ke zagayawa da asuba yana ƙirga wanda ya nuna, jiya ma sai da ya tuhumi autanmu a kan guda biyu da suka ɓata.