Kafin ka ɗaura kaya zuwa wata jiha: yadda ake auna kuɗi, yanayi da zaman mutane

Kuskuren da ya fi yawa wajen masu ƙaura daga jiha zuwa jiha shi ne kwatanta albashi da albashi. A yi wa mutum tayin aiki da ƙarin kashi 30 cikin ɗari, sai ya ɗauka kakarsa ta yanke saƙa, bai tsaya ya tambayi nawa zai rage a hannunsa a ƙarshen wata ba. Abin da ya kamata a kwatanta shi ne ragowar kuɗi bayan an biya abin da ba makawa sai an biya. Wannan lissafi a takarda ake yinsa, ba a ka ba.

Ka tsaga takarda gida biyu, ɗaya na inda kake, ɗaya na inda za ka. Gefen inda kake ka cike shi da abin da ka kashe da gaske a watanni uku da suka wuce, daga bayanan banki da rasit, domin kusan kowa yana rage wa kansa lissafi idan daga ƙwaƙwalwa ya ɗauko. Ga misali da lambobin da aka ƙirƙira don a gane, a kowane irin kuɗi ne. Yanzu kana karɓar 1,000 bayan haraji: haya 250, abinci 300, sufuri 80, wuta da ruwa 60, makaranta da asibiti 110. Ragowa 200. A sabon wuri za ka karɓi 1,300, amma haya 480, abinci 340, sufuri 150, wuta da ruwa 110, makaranta da asibiti 150. Ragowa 70. Albashi ya hau, mutum kuma ya talauce. Akasin haka ma yana faruwa, a koma inda albashi ya fi ƙasa amma ragowar ta ninka.

Haya ita ce ke yanke hukunci a yawancin lokuta. Ƙa'idar da masu ba da shawara kan kuɗi suka daɗe suna amfani da ita ita ce kada muhalli ya ci fiye da kashi 30 cikin ɗari na abin da ke shigowa. Ba doka ba ce, amma duk wanda ya haura kashi 40 zai ji a jikinsa da zarar rashin lafiya ko gyaran mota ya taso. Kada ka dogara da matsakaicin kuɗin haya na jiha ɗungurungum, domin a jiha ɗaya babban birni da ƙaramin gari sukan bambanta ninki biyu ko uku. Ka zaɓi unguwanni uku da za ka iya zama da gaske, ka tattara farashin gidaje aƙalla 10 masu girman da iyalinka ke buƙata, ka jefar da mafi arha da mafi tsada, ka ɗauki na tsakiya. Sannan ka tambayi abin da ba a rubuta a talla ba: wata nawa ake biya tun farko, nawa ne kuɗin ajiya kuma da wane sharaɗi ake mayar da shi, nawa ne la'adar dillali, wa ke biyan ruwa da kwashe shara, kuma da wane ma'auni ake ƙara haya idan shekara ta zagayo.

Gida mai arha a bayan gari sau da yawa sufuri ne ke cinye rangwamen. Tafiyar minti 45 zuwa aiki da minti 45 dawowa, kwana 5 a mako, mako 48 a shekara, awa 360 ke nan, daidai da ranakun aiki 45 na awa 8. Taswirar waya kan nuna tafiyar da babu cunkoso, don haka ka gwada hanyar da ƙarfe 7 na safe a ranar aiki. Idan sabon wurin ba shi da motocin haya masu tsari, to akwai kuɗin mota, mai, inshora da gyara da za su shiga takardarka, wataƙila ma mota ta biyu saboda kai yara makaranta.

Haraji kuwa yana da wayo. A ƙasashe masu tsarin tarayya kowace jiha tana da hanyar da take tara kuɗinta. A Amurka, jihohin Teksas da Fulorida ba sa karɓar harajin jiha daga albashi, Kalifoniya kuwa tana cikin masu karɓa da yawa. Amma harajin gidaje a Teksas yana da nauyi, inshorar gida a Fulorida kuma tana da tsada saboda guguwar teku. Jihar da ta sassauta ta wata ƙofa takan karɓa ta wata. Don haka ka duba huɗu tare: harajin albashi, harajin saye da sayarwa, harajin gida, da kuɗin rajistar mota.

Akwai kuɗin da sau ɗaya ake biya, kuma shi ne ke karya mutane a watan farko: motar kaya, haya biyu a wata guda idan kwanakin ba su yi daidai ba, haɗa wuta da ruwa da intanet, labule da kayan da ba su dace da sabon gida ba, kayan makarantar yara. Duk jimillar da ka samu ka ƙara kashi 20 cikin ɗari a kai. Ban da wannan, ka riƙe kuɗin cefane da haya na wata 3 aƙalla, wata 6 idan ba da aiki a hannu za ka tafi ba. Kuma takardar ɗaukar aiki mai sa hannu ita ce aiki. Alƙawarin baki ba a sakin gida saboda shi.

Batun yanayi

Nan ne mutane ke yin sakaci, domin yawanci a lokacin da gari ya fi daɗi suke kai ziyara. Matsakaicin zafi na shekara ba ya gaya maka komai. Gari biyu za su iya samun matsakaici ɗaya, ɗaya yana nan daidai duk shekara, ɗayan kuma yana ƙuna rabin shekara yana daskarewa sauran rabin. Hukumomin hasashen yanayi suna wallafa alƙaluma na shekara 30, na yanzu daga 1991 zuwa 2020. A ciki ka nemi mafi zafin rana da mafi sanyin dare na kowane wata, yawan ruwan sama, da laimar iska. Ka mai da hankali kan zafin dare musamman: inda dare ba ya yin sanyi, barci ne ke fara lalacewa, kuɗin wuta ya biyo baya.

Laima ta fi lambar zafi muhimmanci. Jiki yana sanyaya kansa ne idan gumi ya bushe, kuma idan iska ta cika da danshi gumin ba ya bushewa. Shi ya sa digiri 32 a bakin teku zai iya fin digiri 38 a busasshen wuri wahala. Danshin ba jiki kaɗai yake taɓawa ba. Idan laimar ɗaki ta daɗe sama da kashi 60 zuwa 70, funfuna takan kama bango, tufafi, takalman fata da littattafai, kuma tana tayar wa masu asma da ciwonsu. Iskar teku mai gishiri tana sa ƙarfe tsatsa da wuri, daga ƙasan mota har ƙofar gida. Busasshen wuri kuma nasa ƙura ne, tsagewar fata, haɓo ga yara, da kayan katako da ke buɗewa a mahaɗa.

Tudu ma yana da tasiri. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000, don haka gari mai tudu zai iya buƙatar bargo alhali garin da ke ƙasansa ana neman fanka. Daga mita 2,500 zuwa sama wasu kan yi fama da ciwon kai da haki a kwanakin farko, mai ciwon zuciya ko huhu ya ga likita kafin ya yanke shawara. Sabawa da zafi kan ɗauki mako 1 zuwa 2 ga mai lafiya. Tsofaffi da jarirai da masu ciwon ƙoda ba a yi musu wannan lissafin.

Duk wannan ka mayar da shi kuɗi. Iyakwandishan mai cin kusan kilowat 1, idan yana aiki awa 8 a rana, yunit 240 ke nan a wata daga ɗaki guda. A wuri mai tsananin sanyi ɗumama gida ne ke ɗaukar wannan matsayin, ga tufafin sanyi na kowa a gida, ga bututun ruwa da kan fashe idan ruwan ciki ya daskare. Hanya mafi sauƙi ita ce ka roƙi mai gida ko wanda ya tashi ya nuna maka takardun wuta na wata 12 da suka wuce.

Sai bala'o'in da wurin ya saba gani: ambaliya, guguwa, gobarar daji, girgizar ƙasa, fari. Idan aka ce wuri yana cikin yankin ambaliyar da ke zuwa sau ɗaya a shekara 100, ma'anarsa yiwuwar ambaliyar kashi 1 cikin ɗari ce a kowace shekara, wadda ta kai kusan kashi 26 cikin ɗari a shekara 30. Ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen gida. Ka duba layin da ruwa ya bari a jikin katanga, ka tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a damina mafi muni da suka tuna, ka karanta takardar inshora da kyau, domin sau da yawa ambaliya ba ta cikin inshorar gida ta yau da kullum.

Zaman mutane

Wannan ba ya shiga takarda, amma shi ne kan mayar da mutane inda suka fito. Hanyar auna shi ita ce zama, ba yawon buɗe ido ba. Ka je ka yi mako guda a lokacin da yanayin wurin ya fi muni, ka sauka a unguwar da za ka zauna, ka yi cefane, ka hau abin hawan da kowa ke hawa, ka zaga da dare da kuma asuba. Ka lura da harshen da ake yi a kasuwa da asibiti, domin sau da yawa ba shi ne na ofis ba. Ka lura da ƙarfe nawa gari ke kwanciya, yadda maƙwabta ke hulɗa, ko akwai wurin ibadarka kusa, ko ana samun abincin da gidanka ya saba, da yadda ake kallon baƙo.

Wanda ya fi dacewa ka tambaya shi ne wanda ya koma can shekara 1 zuwa 3 da suka wuce. Ɗan gari ya saba har ba ya ganin matsalar, sabon zuwa kuma ɗoki bai sake shi ba. Ka tambaye shi abin da ya ba shi mamaki, abin da ya fi cin masa kuɗi fiye da zatonsa, da ko ya samu wanda zai kira da tsakar dare idan yaro ya yi zazzaɓi.

Wanda aka yi ƙaurar saboda aikinsa yana da abokan aiki tun ranar farko. Nauyin kaɗaici a kan wanda ya biyo shi yake faɗawa, mata ko miji, da yaran da suka fara girma. Ya kamata a zauna da su tun kafin a yanke shawara, a kuma sa kuɗin zuwa ganin dangi sau biyu ko uku a shekara cikin lissafi. Idan a da kaka ko ƙanwa ce ke riƙe yara kyauta, yanzu biya za a yi, kuma wannan kaɗai ya isa ya juya lissafin gaba ɗaya.

Dokoki ma suna canzawa da iyakar jiha. A Amurka lasisin lauya da na malamin makaranta na jiha ne, ba lallai na wata ya yi aiki kai tsaye a wata ba. A Jamus kowace jiha ce ke tsara makarantunta, har tsawon firamare ya bambanta, shekara 4 a yawancinsu, 6 a Balin, babban birnin ƙasar. Mai sana'ar da ke buƙatar lasisi ya fara neman sauyin watanni kafin tafiya.

Idan komai ya yi daidai, kada ka sayi gida da zuwa. Ka kama haya na wata 6 zuwa 12, ka ga kowane lokaci na shekara, ka san unguwanni da ƙafarka. Wajen kwashe kaya ka nemi farashi a rubuce daga kamfanoni uku bayan sun ga kayan da idonsu, domin farashin waya yakan ƙaru ranar lodi. Ka rubuta jerin kayan, ka sa wa kowane kwali lamba, ka ɗauki hoton masu daraja. Kaya masu nauyi marasa tsada sau da yawa sayar da su ya fi jigilarsu riba. Firji a kashe shi kwana guda kafin tafiya, a ɗauke shi a tsaye, a bar shi wasu awanni kafin a kunna don man injinsa ya koma mazauninsa. Takardun shaida, na makaranta, katin rigakafin yara, bayanan asibiti da maganin wata 2 zuwa 3 na mai ciwo mai ɗorewa, waɗannan a jikinka za su yi tafiya, ba a motar kaya ba.

Da isa akwai wa'adin da ke fara ƙirgawa ko ka sani ko ba ka sani ba. Kalifoniya tana ba sabon mazauni kwana 10 ya sauya lasisin tuƙi, Fulorida kwana 30, Teksas kwana 90, a Jamus kuma mako 2 ake bayarwa a yi rajistar sabon adireshi. Ka nemo wa'adin inda za ka tun kafin ka tashi, ka haɗa da sanar da banki, kamfanin inshora da hukumar haraji, domin inshorar mota mai ɗauke da tsohon adireshi kan zama hujjar ƙin biya ranar da hatsari ya faru.