Yadda ake kafa 'yan sintiri a unguwa

Masu tambaya sun yi yawa, ga matakan:

1. A fara sanar da mai unguwa, shi zai kai maganar wurin dagaci.
2. A kira taro bayan sallar isha'i, har da 'yan haya.
3. A zaɓi matasan da aka san iyayensu.
4. A kai sunayensu da hotunansu ofishin DPO.
5. A rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takardar neman tocila da usur. Kada a zauna jiran amsa, takan daɗe.
6. In an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga 'yan sanda nan take.

Hattara: nan ake ɓata rawa da tsalle. Ban da duka, ko da taro ya yi ihu. Wanda ya ɗauki doka a hannunsa, shi zai kwana a caji ofis.

7. Kuɗin karo-karo, a ba kowane gida rasit.