Ga masu son taka duwatsun bakin teku a garin Cape Coast na ƙasar Ghana

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai niyyar bin duwatsun nan na gindin tsohuwar ganuwar Cape Coast, ya fara tambayar masunta lokacin da ruwa zai janye. Teku kan cika ya janye sau 2 a rana, tsakanin janyewa da cikowa kusan awa 6 ne. Kullum kuma lokacin na ƙara jinkiri da kamar minti 50, don haka lissafin jiya ba zai yi maka yau ba. Ka fita tun ruwan na ja da baya, da ya fara dawowa ka juyo.

Silifas kam, bar shi a masauki. Dutsen da gansakuka ya rufe ya fi sabulu santsi. Ni nan na sha ƙasa, har yau tabon na gwiwata.