Darasi na 9: Karanta Rubutun Jikin Wayar Wuta

Ɗauko guntun wayar wuta ka fita da ita wajen haske. Duba jikin robarta da kyau, za ka ga ƙananan haruffa da lambobi, ana maimaita su tun daga farkon naɗi har ƙarshe. Masu gini da yawa ba sa kallonsu, abin da mai shago ya faɗa shi ke nan. To, yau mu da kanmu za mu karanta.

Fara da lambar kauri: 1.5mm², 2.5mm², 4mm² ko 6mm². Kaurin tagullar ciki ake nufi, ba na roba ba, don ana iya cika waya da roba ta yi ƙiba alhali cikinta siriri ne. Ta 1.5 ta fitilu da fanka ce, ta 2.5 ta soket. Murhun lantarki da babbar na'urar sanyaya ɗaki kuwa sukan buƙaci 4 ko 6. Siririyar waya in aka ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, zafi take yi har robar ta narke. Sau da yawa daga nan gobara ke tashi.

Wayoyin da aka yi bisa tsarin Turai suna ɗauke da rubutu irin H07V-U. Kada ya tsorata ka. H na nuna ta bi ma'aunin da ƙasashen Turai suka amince da shi, 07 na nufin tana jure ƙarfin wuta na volt 450/750 (wutar gida 230 ce kawai), V kuma robar PVC. Harafin ƙarshe shi ke faɗin yanayin tagullar: U sanda guda, R 'yan silaye a murɗe, K silaye masu laushi. In ka ga 3G1.5, wayoyi uku ne a ciki, G na nufin har da ta ƙasa, wato wayar kariya (earth) da ke kai wuta cikin ƙasa in an sami matsala. In X ce, babu ta ƙasa.

Launi ne ke rikita mutane. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu ya cika gidajenmu a Najeriya, ja ce mai wuta, baƙa ce nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta. A sabon tsari, wanda Ingila ta wajabta daga 2006, ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutural, kore da rawaya ta ƙasa. A sabon tsarin kuwa, inda ake da layin wuta uku (three-phase), baƙa ta koma mai wuta! Saboda haka mai gyara ya gwada kafin ya taɓa.

In ka ga CCA, alminiyom ne aka lulluɓe da tagulla. Kankare bakinta da wuƙa, fari zai fito. Nemi kuma sunan kamfani da alamar inganci ta NIS, ta hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya.

Aikin gida: kwafo rubutun wayar dutsen guga ko fankar gidanku a littafinka, ka zo da shi aji mu warware shi tare.