Yadda Ake Jin Ta Bakin Ɗalibai Kan Tsaro da Sakewa a Makaranta

Tun daga sace 'yan matan Chibok a 2014 zuwa abin da ya faru a Dapchi a 2018 da Ƙanƙara a 2020, da an ce tsaron makaranta sai hankali ya tafi kan katanga da maigadi. Duk ana buƙatarsu. Amma wanda ya san inda katangar ta rufta, da lungun da siniyoyi ke tare ƙanana, ɗalibi ne, kuma shi ne ba a cika tambaya ba, alhali yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ce a saurari yaro kan abin da ya shafe shi.

Da farko a sanar da iyaye da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai sa ido kan tafiyar da makaranta, cewa za a ji ta bakin ɗalibai, don kada a ɗauka sharri ake shirya wa wani malami.

Sai a zaɓi mai tambaya, kuma a nan aikin yakan gyaru ko ya ɓaci. Yaranmu sun tashi da tarbiyyar kada a kai ƙarar babba. In hedimasta ya tsaya a asambili ya ce, “Akwai matsala?” baki ɗaya za su amsa, “Babu!” Don haka mai riƙe da bulala ya ba da wuri, firifet da monita su ma a ware su. Mata su zauna da malamar da suka saba da ita, maza daban, ƙananan azuzuwa daban, kowane rukuni kada ya wuce mutum goma.

Daga nan a shimfiɗa babbar takarda a ƙasa, su zana makarantar da hannunsu: azuzuwa, famfo, makewayi, ɗakin kwana, da hanyar gida. Inda hankalinsu ke kwanciya su sa alamar kore, inda gabansu ke faɗuwa su sa ja. Yarinyar da kunya ba za ta bari ta ce tana riƙe fitsari har a tashi ba, za ta ɗiga ja a kan makewayin da ba shi da ƙyaure. Kada a ce mata, “Wa ya yi miki?” A ce, “Me ke faruwa a wurin nan, kuma da wane lokaci?” Ni a ganina zanen nan ya fi kowace takardar tambayoyi tono gaskiya, musamman ga 'yan firamare da ba su ƙware a rubutu ba.

Manyan ɗalibai kuma a ba su 'yan tambayoyi da Hausa, ba suna, ba lamba, kowa ya ninke ya jefa a kwali. A tambayi ko akwai malamin da za su iya kai wa kuka, da ko sun san inda za su nufa in aka ji harbi da dare. A taɓo batun sakewa: an taɓa yi maka dariya saboda yarenka, ko addininka, ko yagaggen yunifom? Ɗan gudun hijira da mai lalurar ƙafa ko ta ji a neme su musamman, domin su ne suka fi yin shiru.

In wani ya faɗi abu mai nauyi, kamar lalata ko duka mai rauni, kada a yi masa alkawarin rufa asiri gaba ɗaya. A gaya masa wanda za a sanar, a raba shi da wanda ake zargi a ranar, a kai maganar ga iyaye da hukumar ilimi.

Kafin wata ya zagayo a koma wa yaran da sakamako, ba tare da kama sunan kowa ba. A ɗauki abu biyu da ba sa cin kuɗi da yawa, kamar sa ƙyaure da sakata a makewayin mata, ko tsayar da malami a bakin famfo lokacin tara, a yi su yara na gani. Wanda ya fi ƙarfin makaranta, irin gyaran katanga, a rubuta wa ƙaramar hukuma, a faɗa wa ɗaliban an rubuta. Farkon zango mai zuwa a fito da zanen, su sake duba wuraren da suka sa wa ja.